Warin da Ke Zuwa da Safe

Ma'azu makanike ya fara ganin 'yata Balkisa ne a cikin motar mahaifinta, wata uku bayan rasuwarsa. Motar tana ƙofar gidanmu a Gure. Kullum da safe Balkisa kan tada ta don kada batir ya mutu, kamar yadda mijina Garbai yake yi kafin ya kama hanyar Kelle.

Da ta murɗa makulli sai warin isansi, wato fetur, ya cika ƙofar gida, irin wanda yake dawowa da shi a rigarsa. In inji ya yi zafi sai ya ɗauke. Ƙasa kuma ba ɗigo ko ɗaya. Maƙwabta suka daina bi ta wajen. Ni kuwa a zaure nake tsayawa ina shaƙa, ban gaya wa kowa ba.

Ma'azu ya tsaya da babur ɗinsa. "'Yan mata, kashe ta. Mai take zubarwa."

"Baba ne," in ji ta a hankali.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya karɓi lambarta. Da la'asar ya rubuto: "Balki, Allah ya jiƙan Baba. Amma don Allah kada a kawo wuta kusa da motar nan."

Ta amsa: "Wa ya ba ka izinin yanke mini suna?"

"Zuciyata," ya rubuto.

Ran Juma'a Baffa Fannami, wan mijina, ya zo da kaskon garwashi da turare, ya ce aljanun hanya ne suka biyo motar. Balkisa na ciki, inji na aiki, ya durƙusa zai tura kaskon ƙarƙashi. Sai ga Ma'azu, ya jefar da babur, ya shure kaskon da ƙafa. Garwashi ya watse har kan babbar rigar Baffa.

"Ɗan wa ne wannan marar kunya?" in ji Baffa. "In dai ni ne waliyyi, ba zai auri 'yar gidan nan ba."

Sati biyu Balkisa ba ta cin abincin kirki. Na yafa mayafi na tafi gidan Baffa da kaina, na roƙe shi ya ba Ma'azu safiya ɗaya ya duba motar.

Ma'azu ya zo da sanyin safe, ya gaida Baffa har ƙasa, ya buɗe gaban mota. Ya shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin anjekter, bakunan da ke fesa mai cikin inji.

"Balki, murɗa."

Muna kallo takarda ta jiƙe a ƙarƙashin baki na uku. Ya kashe, ya kwance, ya ciro wani ɗan zoben roba da ya tsage, ya ɗora a tafin Baffa.

"Sanyi ke sa shi tsukewa, Baba. In inji ya yi zafi sai ya kumbura ya toshe. Abin da ya zuba a kan ƙarfe yake bushewa."

Baffa ya dubi zoben, ya dubi inda ya so ajiye wuta, ya dubi Balkisa.

"Ka turo magabatanka," ya ce.

Ma'azu ya sa sabbin roba huɗu. Warin bai sake zuwa ba. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Baffa da kansa ya tuƙa amarya, ni ina baya riƙe da hannunta. A ƙofar ɗakinta na ce musu Allah ya ba su zaman lafiya, ya bar su tare fiye da yadda ya bar mu.