Sallamau a Ƙofar Masaƙar Maikano

Da hantsi Sallamau ya shigo masaƙar Alhaji Maikano, yana tafe a kan tayoyinsa ba ko ƙara. Tsawonsa kamar na mutum, jikinsa farin ƙarfe, a ƙirjinsa allon gilashi, a bayansa tambarin Ƙaramar Hukumar Tudun Ƙarfe. Ya ratsa layin injinan saƙa masu sarrafa kansu, ya tsaya gaban wata mata mai duba zare, ya yi sallama, ya gaishe ta har da tambayar yara. Sannan ya gaya mata a hankali cewa masaƙa ta rage ma'aikata, kuma tana cikinsu. Kafin hawayenta ya sauko, allon ya nuna mata sabon aiki a gidan tace ruwa, da tashar jirgin-gada, wato jirgin ƙasa mai bin saman gada, da za ta riƙa hawa, da ajin da za a koya mata aikin kyauta. Matar ta goge ido da bakin mayafi ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Sunansa na takarda shi ne Na'urar Tallafa wa Masu Barin Aiki, amma wa ke da lokacin wannan dogon suna? Mutanen gari suka laƙaba masa Sallamau, tunda sallamar mutane ce sana'arsa. Injiniya Barira Tanimu ce ta ƙera shi, a shekarun da injina suka fara cinye aikin hannu a birnin. Kafin nan, in kamfani zai rage mutane sai an yi ta ta ƙare: mai kamfani ya ɓuya, ma'aikata su tare ƙofa, wanda aka kora ya koma gida ya yi tagumi. Shi ya sa kansiloli suka ware kuɗi a kasafin shekara, aka buɗe wa Barira ofis. Ƙwaƙwalwar Sallamau a haɗe take da kowace ma'aikata ta birnin, yana sanin inda ake neman hannu tun kafin a yi cigiya. Yana auna gwanintar mutum daga motsin hannunsa a bakin aiki, ya zaɓa masa inda zai dace. Shi kuwa mai kamfani ko sisi ba ya biya. Ya aika sunaye ta waya kawai, ya ci gaba da harkarsa.

Barira ba mace ce mai ɓoye jin daɗinta ba. In ka yabi Sallamau sai ta ce ai ba ka ga komai ba. A makon nan ne majalisar ƙaramar hukuma za ta zauna a kan kasafi, kuma wasu kansiloli sun fara gunaguni, wai gara a zuba kuɗin a gyaran kasuwa. In suka yi rinjaye, ofishin ya rufe ke nan. Barira ko a jikinta, don tana da hujjar da take ganin ba mai tankwara ta: duk wanda Sallamau ya sallama yana bakin wani aikin.

To, sai Malam Kallamu ya ɓata mata lissafi.

Kallamu dattijo ne mai haɗa launin rini, tun masaƙar tana rumfar kwano yake cikinta. Sallamau ya same shi, ya nuna masa aiki mai sauƙi a gonar saman bene, inda ake noman tumatir cikin gilashi. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, har ya ce a gai da mutanen gida. Washegari sai ga shi da rigar aikinsa a ƙofar masaƙa. Ƙofar ta daina gane yatsansa, don haka ya nemi benci ya zauna. Haka kullum, daga safe har a tashi. Masu gonar suka fara cewa za su ba wani gurbin, kuma labari ya kai kunnen kansiloli masu gunaguni.

Barira ta hau jirgin-gada da kanta, ta same shi a kan bencin yana jan carbi.

“Baba, ina wuni? Ni ce Barira, wadda ta ƙera Sallamau.”

“Au, ke ce uwar yaron nan? Kin yi masa tarbiyya, wallahi. Ya fi yaran yanzu iya gaisuwa.”

“To Baba, me ya hana ka zuwa gonar? Aikin bai yi maka ba ne? A sake maka wani yanzun nan.”

“Aiki ya yi, 'yata. Ba a sallame ni ba ne.”

“Haba Baba, ai an sallame ka. Yana nan a rubuce.”

Kallamu ya yi murmushi irin na wanda ke magana da ƙaramin yaro. “Alhaji da bakinsa ya ɗauke ni, hannuna cikin nasa. In zan tafi, shi zai ce, Kallamu na sallame ka, in na saɓa maka ka yafe min. Ni ma in ce ya yafe min, a yi fatiha a rabu. Haka muka tarar ana yi tsakanin yaro da ubangidansa. Yanzu in na tafi, gobe ta Allah ta kasance, wa ya yafe wa wani? Ƙarfe ne zai yafe min?”

Barira ta kusa yin dariya don sauƙin abin. Ashe wannan ce duk matsalar! Ta haye bene ofishin Alhaji Maikano, mutum mai ƙiba da fara'a, wanda ke kallon masaƙarsa ta bangon gilashi.

“Alhaji, alfarma nake nema. Ka sauko ka ce wa Malam Kallamu ka sallame shi, shi ke nan.”

Fara'ar ta gudu. “Haba Injiniya! To mene ne amfanin harajin da muke biya? Ki tura masa injin ya sake gaya masa.”

“Ya gaya masa, bakinka yake so. In dattijon nan ya ci gaba da zama a ƙofarka, majalisa za ta rufe ofishina, kai kuma ka koma sallamar mutane da kanka.”

Wannan ce ta tashe shi. Ya gyara babbar riga, ya sauko yana maimaita maganar a ransa. Da Kallamu ya hango shi sai ya miƙe, ya saka carbi a aljihu, ya rusuna.

“Ranka ya daɗe.”

“Malam Kallamu,” in ji Alhaji. Ya yi gyaran murya. Idonsa ya sauka a kan hannun dattijon, wanda rini ya mayar shuɗi har cikin farce, shuɗin da sabulu ya gaji ya bari. Ya sake gyaran murya. “Malam Kallamu... ka ci abinci kuwa?”

“Na ci, ranka ya daɗe. Ina saurare.”

Alhaji ya dubi Barira, ya dubi ƙasa, gumi ya keto masa. Can sai ya daka tsawa kamar wani ne ya yi laifin: “Wai wa ya ce ka zauna a waje kamar baƙo? Tashi ka shiga! Tun da ka bar wurin nan baƙin rinin ya ƙi kamawa.” Ya dangwala yatsansa a ƙofa, ta buɗe, Kallamu ya shige yana sa albarka.

Daɗi ya kama Barira, don abin ya fi yadda ta zata. Amma a kan matakala Alhaji ya tsaya yana fifita da hula, ransa a ɓace.

“Kin gani ko? Kin jawo min. Shekaru nake son rage mutanen nan, da na kalli fuska sai in fasa. Kuma ba ni kaɗai ba, tambayi duk mai masana'anta a garin nan. Kafin injinki sai uwar bari muke sallamar mutum, kunya ba ta bari. Shi ya sa muka je wa Ciyaman a ƙungiyance muka ce kar a taɓa kuɗin ofishinki, a ƙara ma. Akwai sauran mutane da yawa a ƙasa. Don Allah kar ki sake saukar da ni.”

Barira ta koma ofis. Ta sa aka buɗe mata tarihin birnin kafin Sallamau da bayansa, abin da ba ta taɓa damuwa ta duba ba, don ita waɗanda suka samu sabon aiki kawai take ƙirgawa. Gaskiyar Alhaji ce. Sallamar ma'aikata ta ninka tun ranar da aka kunna injin.

Ranar zaman majalisa zauren ya cika, masu masana'antu a sahun gaba. Ba a ma yi doguwar muhawara ba, hannuwa suka tashi, aka amince da kuɗin har da ƙari. Ciyaman ya juyo yana murmushi.

“Injiniya, an ba ki abin da kike nema. Sallamau nawa za ki ƙera mana kafin damina?”

Barira ta miƙe. “Ranka ya daɗe, ko nawa kuke so. Amma zan yi masa gyara ɗaya. Daga yau zai nemo aiki, zai koyar, zai raka mutum har sabon wuri. Maganar sallama kuwa ba zai furta ta ba. Mai kamfani zai tsaya gaban ma'aikacinsa ya faɗa da bakinsa.”

Kansiloli suka dubi sahun gaba, sahun gaba suka dubi juna. Alhaji Maikano ne ya tattara babbar rigarsa ya miƙe, ba fushi a fuskarsa, sai mamaki.

“To Injiniya,” in ji shi, “in dai mu za mu faɗa da bakinmu, me za mu yi da shi?”