Tafintan da Ya Daina Tsawa

Da azahar aka kira ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawa a ɗakin sanyin da ake ajiye kifi a bayan kasuwa. Sufeto ya ajiye cokalinsa ya ɗauki hula, ya ce Kofur ɗinsa ya biyo shi.

Mamacin shi ne mai wurin, dattijon da kowa ke kira Mai Ƙanƙara. An same shi zaune a jikin ƙofa ta ciki, tocila a hannu, gemunsa ya yi fari da ƙanƙara. Sufeto ya ga gawa iri-iri a aikinsa, amma wannan ta tsaya masa a rai, don tsohon ya yi kama da wanda ya gaji da ƙwanƙwasawa ya zauna jira.

Ƙofar ba ta da kwaɗo. Kwamfutar da ke kan tebur a waje ita ke kulle ta, ita ke kunna fitilun ciki. Hannun buɗewa na ciki kuwa a karye yake. A kan allo, layin ƙarshe haruffa biyu ne kacal: ku.

Mutum biyu ne ke taɓa kwamfutar bayan mamacin: ƙaninsa, da 'yarsa wadda ta tsara na'urar, wadda uban ke kira Injiniya. Sufeto ya fara da ƙanin.

"Ina kake da safe?"

"Ina gida, ranka ya daɗe. Ban leƙo ba sam."

"Hannun ƙofar fa?"

"Lafiyarsa ƙalau har jiya."

Sufeto ya shafa karayar, tsatsa ta shafe masa yatsa. Ƙarfen da ya karye jiya ba ya tsatsa haka. Mai shagon da ke kallonsu kuma ya ce da safe ya ji 'yan'uwan suna ɗaga murya, ƙanin yana cewa, "Yaya, hannunka rawa yake yi, ka haƙura da aikin nan!" Ƙarya biyu ke nan tun ba a je ko'ina ba.

Injiniya tana tsaye a gefe, idanunta jawur amma ba hawaye.

"Yi min bayani kamar kina yi wa ɗan firamare," in ji Sufeto. "Ni da kwamfuta gaisuwa ce kawai."

"Akwai tafinta a cikinta, Yallaɓai. Ka rubuta kunna, ya duba cikin umarnin da ya sani, ya kunna fitila. Ka rubuta kulle, da zarar ƙofa ta rufu ya datse ta."

"In na rubuta abin da bai sani ba fa?"

"Sai ya miƙa wa wani ɗan sashe mai kula da baƙon umarni. Shi kuma ya tsayar da komai, ya yi ƙara, ya rubuta ban san wannan umarni ba."

Sufeto ya zauna, da yatsa ɗaya ya danna k, ya nemo u da ƙyar, ya tura. Na'urar ta tsala ƙara har Kofur ya zabura, jan rubutu ya fito kamar yadda ta faɗa.

"Ashe ku ba zai kulle ƙofa ba."

"Ba zai kulle ba," ta ce, tana kallon ƙasa.

To, in haka ne, wani ne ya kulle da gangan ya goge sawunsa. Kofur ya riga ya fara kallon ƙanin da ido ɗaya.

Da la'asar Sufeto ya je gidan mamacin. Matar tana zaune a kan tabarma, rigar aikin mijinta a cinyarta.

"Ya yi kukan wani abu a 'yan kwanakin nan, Mama?"

"Kuka? Ai murna yake ta yi, ɗana. Da can kullum sai ya dawo ransa a ɓace, wai hannunsa ya kuskure, na'ura ta yi masa tsawa a gaban ma'aikata. Har kuka na taɓa kama shi yana yi a banɗaki. Kwanan nan kuwa ya ce min, kin ga, ko kwamfuta ta fara jin nauyin furfurata, ta daina tsawa. Ko rabin kalma na rubuta sai ta gane."

Sufeto ya miƙe ya yi mata sallama. Wallahi da ya san abin da zai ji ke nan, da Kofur ya turo.

Ya koma ɗakin sanyin ya tara su. Bai kalli Injiniya ba, ya nuna ƙanin, ya ce wa Kofur, "Sa wa wannan ankwa. Kisan kai ne."

Ƙanin ya durƙushe. "Na yi ƙarya, na zo da safe, mun yi faɗa! Hannun ƙofa kuma ni na yi ta cewa gobe zan gyara. Amma Yayana ne, shi ya raine ni!"

Ankwa ta yi ƙaras a hannunsa ɗaya.

"Ku sake Baffa," in ji Injiniya.

Sufeto ya juyo a hankali. "Tafintan nan ya yi min tsawa ɗazu. Mahaifiyarki ta ce ya daɗe da dainawa. Wa ya mayar masa da muryarsa yau?"

"Ni ce. Kafin ku iso."

"Wa ya ɗauke ta tun farko?"

Nan hawayen da ta riƙe tun rana suka ɓalle.

"Ba na iya kallon fuskarsa in ta yi masa ƙarar nan, Yallaɓai. Mutumin da ya gina wurin nan da hannunsa, yara suna ƙunshe dariya. Sai na sauya sashen. Na ce in ya ga baƙon umarni kada ya yi ƙara, ya nemo na farko da ya fara da haruffan ya aiwatar. Baba kunna yake nufi, yana son fitila. Hannunsa ya tura tun bai gama ba."

"Kulle kuma ita ce a gaba," in ji Sufeto.

"L tana gaban n," ta ce, muryarta na karyewa. "Abin da ɗan aji ɗaya ya sani. Na gwada kalmomi da yawa, ban gwada wannan ba. Ya ga ba haske, ya ɗauka ƙwan fitila ne ya mutu, ya shiga da tocila, ƙofa ta rufu a bayansa."

Kofur ya cire ankwar daga hannun Baffa, ya tsaya da ita a hannu yana kallon Sufeto. Sufeto ya girgiza kai.

"Za mu tafi ofis ki rubuta bayani, 'yata. Sakaci da ɓoye shaida, alƙali ne zai duba. Kai ma Baffa ka biyo mu, akwai maganar hannun ƙofa."

Ta bi shi ba musu. A bakin mota ta tsaya.

"Yallaɓai, Inna ta ce yana murna?"

Sufeto ya so ya yi mata ƙarya, bai san wacce za ta fi sauƙi ba.

"Ta ce kullum sai ya faɗa."

Ta rufe fuskarta da hannu biyu ta shiga motar. Baffa ya zauna kusa da ita, ya riƙe mata kai har suka isa.