Fasinjar da Ba a Sauke Ba

Rana ta faɗa bayan tudu, ƙamshin kanumfarin da aka shanya bai gama barin tsakar gidan ba. Mwatima tana tace madarar kwakwa a kan rogo. A ƙarƙashin rumfa babur mai ƙafa huɗu na mijinta Vuai yana ɗore kan bulo, cikinsa a buɗe, notinansa a tsohuwar tasa. Da shi Vuai yake sauko da buhunan kanumfari daga gonakin kan tudu, da shi suke ci. Amma tun farkon tsinkar kanumfari yake a kwance.

A da babur ɗin yana gudu lafiya ko'ina, sai dai da ya wuce tsohuwar kukar da ke gindin tudu yakan yi nauyi, ya kama nishi. Wata rana da yamma ya mutu a tsakiyar hawa. Vuai ya juyo da shi gida a fusace, ya kwance injin, ya ce sai ya ƙara masa ƙarfi.

"Baban Miza," in ji Mwatima, "masu gona sun fara ba amalanken shanu kayansu."

"Ki bari in yi tunani. In na faɗaɗa silinda na sa babban fistin, zai ja, amma zai riƙa zafi. In na sayo wani inji na hannu daga tsibirin Unguja, wa ya san abin da ke cikinsa?"

"Jiya ma haka ka ce. Ko aurena ba ka yi wa wannan dogon tunani ba."

"Ai ke ban ga wata kusa da ke ba, balle in kwatanta."

Murmushi ya fara zuwa mata ke nan, sai wani abu ya daki kwanon rufi. Kaji suka daina motsi. Abin ya gangaro a hankali ya faɗo gaban Vuai. Noti ne, daga cikin tasarsa, yana da zafi kamar an ciro shi daga wuta.

Kullum da magariba haka. Notina su yi ta sauka a kan kwano, ba a ga hannun da ke jifa. Wani lokaci sai a ji dogon tsaki daga rumfa, irin na wanda ya gaji da jira. Sannan abin ya koma kan Miza, 'yarsu ɗaya tilo. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya ta fara jan ƙafar hagu kamar tsohuwa. Ta daina magana. Da inuwa ta yi tsawo sai ta hau kujerar bayan babur, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta kafe tudun da ido har duhu ya shiga.

A asibiti ba a ga komai ba. Vuai ya rame, ya ce zai kira Maalim Jecha, mai karatu a kan masu iska, ko kuwa wani da ake yabo a garin Chake, yana dai tunanin wanda ya fi. Mwatima ta ja mayafinta ta fita, ta dawo da Maalim Jecha.

Malamin ya zauna a tabarma yana fuskantar babur, inda Miza take zaune. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Iska ta tsaya. Jikin yarinyar ya soma kakkarwa, kanta ya juyo a hankali, idanunta ba nata ba.

"Ya isa, Maalim, kana ƙona ni," in ji wata murya busasshiya daga bakinta.

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne. Na yi jifa, na yi tsaki, bai ji ba. Dole na ari baki."

Vuai ya zube a kan gwiwoyinsa. "Ni? Bibi, kakata, me na yi miki?"

"A kukar gindin tudu nake. Mijina yana tsamiyar da ke sama, ya ce iskar can ta fi masa. Kullum ka wuce da yamma nakan hau bayanka ka kai ni. Rannan ka tsaya a tsakiyar hanya, ka juyo da ni gidanka, ka zubar da hanjin abin a tasa. Ina nan zaune ina jinka: fistin, Unguja, fistin, Unguja!"

Duk da tsoro, wani abu a ran Mwatima ya gyaɗa kai.

"Ba kwa tashi sama ne?" in ji Maalim.

"Sai masu jini a jika. Ka dubi ƙafata."

"Kin shiga jikin da ba naki ba, wannan zalunci ne. Ki fita, ko in ci gaba."

"Ka ci gaba, in ƙone, in tafi da hankalinta." Muryar ta yi laushi. "Tsohon nan, mijina, bai san inda nake ba, Maalim. Zai ɗauka barinsa na yi. A kai ni yau, in zauna can gaba ɗaya. Ba zan ƙara hawa bayan kowa ba. Yarinya za ta yi barci, in na sauka ta tashi."

Malamin ya sa ta rantse da Wanda ya halicce su duka, ta rantse.

Vuai ya dubi tasar, ya dubi injin. "To, wanne zan sa? Babu babban fistin a nan, kuma na Unguja..."

"Tsohon fistin!" Mwatima da muryar suka faɗa tare.

Bai taɓa aiki da sauri haka ba. Mwatima ta riƙe masa fitila, sifana tana suɓuce masa. Da ya ɗaure noti na ƙarshe aka sauke babur daga bulo, Miza ta sulale kamar tsumma, uwarta ta tare ta. Kujerar baya kuwa ta lotsa, babu kowa a kai.

Vuai ya yi bisimilla ya fita.

Mwatima ta zauna a tabarma da kan 'yarta a cinya. Jikin sanyi ƙalau, numfashi da ƙyar. Ƙauyen ya yi shiru, har ana jin ƙarar injin tana nisa. Ta ji lokacin da ya kama hawa. Ƙarar ta yi kauri, ta soma tari, ta shaƙe, ta ɗauke.

"Kada ka juyo," ta faɗa a hankali, hawaye na sauka a goshin Miza. "Don Allah, Vuai, kada ka tsaya tunani."

Shirun ya daɗe. Maalim yana jan carbi, bai ɗago ba. Sai can injin ya sake tashi, yana nishi, yana ja kaɗan-kaɗan, kamar mutum ne ya sauka yana tura shi da ƙirji. Ya yi ta ja. Daga nan ƙarar ta saki gaba ɗaya, ta yi sakayau, ta bazu a kan tudu.

Yatsun Miza suka damƙe zanen uwarta. Ta buɗe ido, nata na gaskiya, ta dubi rumfar da babu komai sai bulo.

"Mama," ta ce, "wa ya sace babur ɗin Baba?"