Teburin da Ya Ƙi Bushewa

A gida, Baturiya ake kiranta. Tun da ta shiga aji biyar ta fara tsarma Turanci a magana, ko ruwa za ta roƙa. Sunan ya bi ta, ita kuma yana yi mata daɗi.

Babanta kafinta ne. Shagonsa na jikin gidansu, kullum cike da ƙamshin katako. A makon nan Malamar Turanci ta makarantarsu ta ba shi aikin tebur, ya ƙera shi tsaf. Saura a shafa man da zai sa shi sheƙi.

Man kuwa sabon iri ne, babban gwangwani da ƙaramar kwalba, sai an haɗa su. Ga shi tabarau ɗin Baba ya karye.

"Baturiya, zo ki karanta min," in ji Baba. "Nawa za a zuba daga kwalbar nan?"

Ta karɓi gwangwanin. Rubutun Turanci ne ƙanana, kalmomin dogaye. Ko ɗaya ba ta taɓa gani ba. Amma ga Baba yana kallonta da murmushi, ga Mama a bakin ƙofa. Yaya za a yi Baturiya guda ta ce ba ta sani ba?

Sai ta gyara murya, ta bi layin da yatsa kamar mai karatu.

"Cokali ɗaya, Baba."

"Kin tabbata?"

"Haba Baba, ni ce fa!"

Baba ya zuba cokali ɗaya, ya gauraya, ya shafe teburin.

Kwana ɗaya, man bai bushe ba. Kwana biyu, yana nan danƙo kamar zuma. Ƙura ta manne, har da ƙuda guda biyu.

Rana ta uku Malama ta zo ɗaukar teburinta. Kafin Baba ya buɗe baki ta dafa shi. Hannun rigarta ya manne. Da ƙyar aka ɓamɓare, ga tabo ya zauna.

"Shekara nawa ina jin ana yabon aikinka," in ji Malama a hankali. "Me ya faru?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Malama. Ki yi haƙuri, ki ƙara min kwana uku."

Baturiya tana bayan ƙofa, tana jin komai. Bai ambaci sunanta ba, bai ko kalli inda take ba. Da dukanta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Kunya ta rufe ta. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Washegari a aji, Malama ta rubuta kalmomi huɗu a allo: guess, estimate, risk, gamble.

"Ta farko ita ce canki," ta ce. "Ka faɗi abu ba tare da ka sani ba. Ta biyu ƙiyasi ce. Ka duba, ka auna, sannan ka ce zai kai kusan kaza, kuma ka faɗa wa mutane cewa ƙiyasi ne."

Baturiya ta kafe littafinta da ido.

"Ta uku kasada ce. Ka san abu zai iya lalacewa, amma ka yi. Wani lokaci kasada dole ce, kamar mai shiga ruwa don ceton wani. Ta huɗu kuwa caca ce. Ka jingina komai a kan sa'a kawai. Wa zai ba mu misali?"

Baturiya ta ji kamar da ita kaɗai ake. Ta ɗaga hannu.

"Malama, idan yarinya ta yi canki, amma ta ce karantawa ta yi, aikin babanta ya lalace, wacce ce a ciki?"

Malama ta dube ta, ta dubi hannun rigarta, duk da ba rigar jiya ba ce.

"Wannan ta fara da ta ɗaya, ta ƙare da ta huɗu," ta ce. "Kuma da sunan babanta ta yi cacar. Ki same ni bayan an tashi."

Da aka tashi, Baturiya ta faɗi komai tana kuka. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ciro ƙamus daga jakarta.

"Ni ma da nake koya muku, kullum yana jakata. Mu je shagon."

A shago, Baturiya ta durƙusa. "Baba, ban iya karantawa ba. Canka na yi. Ka yafe min."

"Na gane tun kwana na biyu," in ji Baba. "Jira nake ki faɗa da bakinki. Tashi, na yafe."

Suka buɗe ƙamus, suka bi rubutun kalma bayan kalma. Ashe kwalbar gaba ɗaya ake juyewa a gwangwanin!

Mama ta yi dariya. "Cokali ɗaya! Baturiya, miya kika ɗauka ana haɗawa? Ƙaramin sani dai ƙuƙumi ne."

Kwana biyu Baturiya tana taya Baba kankare teburin da samfefa, har yatsunta suka yi ja. Aka shafa sabon haɗi. Kafin la'asar ya bushe, yana sheƙi har kana ganin fuskarka.

Da Malama ta zo, ta dafa shi da hannu biyu, ta ɗaga. Babu abin da ya manne.

Daga ranar, idan aka tambayi Baturiya abin da ba ta sani ba, sai ta ce, "Ban sani ba, bari in duba." Ta gane cewa faɗin haka ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka canka, ka ce ka sani, wani ya sunkuyar da kai saboda kai.