Ƙofar da Ke Cewa a Shigo

Ana dab da kiran sallar magariba, gidan Injiniya ya yi tsit. Shi yana ɗaki a gaban kwamfuta, yana ƙarasa manhajar da yake rubuta wa kamfaninsu. Sai ƙofar falo ta buɗe da kanta, muryar 'yarsa Auta ta fito daga jikinta: "Sannu da zuwa, shigo." Ta rufe. Ta sake buɗewa, ta sake faɗa.

Aikinsa ne. Mutum ne da ba ya barin komai na gidan ya huta, har fanka ya koya wa jin magana. Ya sa wa ƙofar na'urar jin motsi, ya naɗi muryar 'yarsa mai shekara tara don ta riƙa tarbar baƙi.

Matarsa ta leƙa tsakar gida. Babu kowa, get kuma a kulle.

"Baban Auta, ƙofar nan taka da wa take gaisawa?"

"Mage ce. Zan gyara."

"Yau kuma mage aka yi wa sannu da zuwa har sau biyu?"

Washegari tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufin gidan, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana ƙirga ta. A kwana na uku Auta ta daina magana. Da rana ta faɗi sai ta zauna tana fuskantar ƙofar, ko ƙiftawa ba ta yi.

Uwar ta kira kawunta, malami mai ruƙiyya. Ya zauna kusa da yarinyar, ya daɗe yana karatu. Can bakinta ya motsa, muryar wani tsoho ta fito.

"Ni ban yi kutse ba. Shekara nawa ina wucewa ta nan, ba wanda ya ce min ci kanka. Yarinyar nan ce ta ce in shigo."

"Inji ne ya yi magana," in ji Kawu.

"Da muryar wa?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Ku bar min muryar, in bar muku yarinyar," in ji tsohon.

"Ta bakinta tata ce, ba ka isa ba," in ji Kawu. "Ta cikin ƙofa ce ta kira ka. Ɗauki wannan ka tafi."



"Na karɓa," in ji tsohon.

Injiniya ya kwance na'urar, ya zaro ɗan katin da muryar ke ciki, ya ajiye a ƙasa a waje. Ƙofar ta buɗe, ta rufe. Da suka duba, katin ba ya nan.

"Baba, ƙishirwa nake ji," in ji Auta da muryarta. Uwar ta rungume ta tana kuka.

Kafin ya zare wayoyin, Injiniya ya buɗe lissafin shiga da fita da na'urar ta rubuta, don sabo. Magaribar farko, biyu ne suka shiga. Yau ɗaya ya fita.