Ranar da Akori-kurar Baba Ta Tashi

"Yau ma ba ta tashi ba?"

Dogo bai ɗago kai daga cikin injin ba. "Kafireta ce, Auta. Mai ba ya hawa."

"Wancan karon ka ce fulogi ne."

"A lokacin fulogi ne."

"Kafin nan batir. Kafin batir kuma..."

"To ni na ƙera ta? Motar da ta girme ni, ta girme ki!"

Auta ta dire kofin ruwan da ta kawo masa a kan benci har sai da ya fantsama. Sai a nan ya juyo, baƙin mai har gefen hancinsa, ya yi mata murmushin nan da ya san yana kashe mata jiki.

"Haba sanyin idona... kin fi kowa sanin don wa nake wannan wahalar."

Ita kuwa, kamar kullum, ta sauko. Raunin Auta kenan, kalma ɗaya mai daɗi ta ishe ta mantuwa.

Motar tsohuwar akori-kurar Baba ce, irin mai ja da tayoyi huɗun nan da ba ta san laka ko tudu ba. Da ita ya yi aikin tuƙi duk tsawon ƙarfinsa, da ita suke tafiye-tafiye shi da marigayiya Umma. Tun rasuwar Umma ya shigar da ita garejin gida ya rufe, tsatsa ta ci ƙasanta, ɓeraye suka yi gida a kujera. Yayyen Auta duk sun yi aure sun watse, ciwon ƙafa ya zaunar da Baba, aka bar ta ita kaɗai da shi, da magungunansa, da faɗansa da ba ya ƙarewa.

Ranar da Dogo bakanike ya zo neman aurenta, Baba ko kallon arziki bai yi masa ba. Sandarsa kawai ya ɗaga ya nuna garejin.

"Ka ce kai bakanike ne? Ranar da waccan ta tashi ta fita da ƙafarta, ka zo mu yi maganar aure."

Dogo ya amsa da rawar jiki. Kullum ya tashi daga aiki nan yake yada zango. Ya sauke injin ya wanke shi gunduwa-gunduwa, ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya yi walda, ya ɗaga ƙafafunta ya sa mata manyan tayoyi, ya jera fitilu a saman rufi. Auta ma ba ta zauna ba. Ita ta kankare tsatsar ƙofofi da samfefa har fatar yatsunta ta saɓule, ita ta ɗinka rigar kujera, ita ta zaɓi koren fentin da aka fesa. Mota ta yi kyau har mutane na leƙowa. Amma in aka murɗa makulli, sai dai ta yi tari ta yi shiru.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ƙawayenta suka fara tambayarta cikin dariya ko motar za ta aura.

Zargi ya daɗe yana cin Auta a rai, ta rasa wanda za ta faɗa wa. Ta san Babanta. Ta san ba ya son ta bar gidan, domin in ta tafi wa zai gasa masa ƙafa, wa zai yi wa tsawa?

Washegarin wannan gardamar, da hantsi, ta dawo daga shanya sai ta ga ƙofar garejin a buɗe. Ta leƙa. Baba ne tsaye, ya jingina sandarsa da taya, murfin injin a ɗage, da wata 'yar jar waya a hannunsa.

Ta faɗa ciki a fusace.

"Baba!"

Bai ko firgita ba. "Menene?"

"Ashe kai ne... Ashe kai ne kake ɓata ta! Bawan Allah ya gyara, kai ka bi baya ka warware!"

"Ki iya bakinki."

"Ba zan yi shiru ba yau, Baba! Me na yi maka? Na yi jinyar Umma, ina yin taka, ban taɓa cewa na gaji ba. Abu ɗaya na roƙa a rayuwata, shi ma sai ka hana ni?"

Hawaye ya wanke mata fuska. Baba ya tsaya yana kallonta, sannan ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda ta fi mari zafi.

"Kin gama? To matso ki ga abin da nake yi."

Ya sunkuya ya soka wayar a mazauninta. Ya ɗingisa ya buɗe ƙofar direba, ya zura hannu ya murɗa makulli.

Bugu ɗaya motar ta tashi.

Ba tari, ba shaƙewa. Ƙara ce mai kauri, a daidaice, har gwangwanayen fenti na rawa a kan kanta. Auta ta dafe bango.

"Ta... ta tashi! Baba ta tashi!" Dariya da kuka suka haɗe mata. "Bari in kira shi, wayyo Allah, zai yi murna..."

"Ya sani."

Ta tsaya cak.

"Tun daminar bara take tashi," in ji Baba. "Shi yake zare wayar nan da hannunsa kafin ya tafi, don kada ki murɗa ta kama."

"Ƙarya... a'a Baba, ka yi haƙuri, amma ba zai yiwu ba."

"Ba na ɓoye miki nawa. Da farko na ɗan taɓa ta, na sassauta nan, na toshe can. Daga baya na ga ashe ba sai na wahalar da kaina ba, yaron ya karɓi aikin daga hannuna." Ya gyara tsayuwa. "Duk ranar da kika tafi asibiti karɓo min magani, zuwa yake ya ɗauke ni mu zaga gari. Mai shagon bakin titi ya sani. Matar maƙwabcinmu ta sani. Ke kaɗai ce shashashar da ba ta sani ba."

"Don me ba ka faɗa min ba?"

"Ya roƙe ni. Ni kuma ina ruwana?"

Ba ta san yadda ta kai yamma ba. Baba ya sa ta kawo masa kujera garejin, ya zauna ya harɗe hannu a kan sanda kamar mai jiran a fara wasa. Da ya ji ƙarar babur ɗin Dogo a waje, sai ya ce ta murɗa makullin. Ta murɗa.

Dogo ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa, ya ji injin na aiki, ya ga fuskarta. Jakar ta sulale ƙasa.

"Auta... tsaya ki ji..."

"Tun yaushe?"

"Ba yadda kike zato ba ne, masoyiyata."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan! Na ce tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "An ɗan jima."

"Ina kawo maka ruwa, ina yi maka sannu, ina kuka a ɗaki ina cewa Allah Ya dafa maka... kai kuwa kana zare waya?"

"Ba ta kammala ba ne! Birkin baya yana ja gefe, kuma ina son in canza salansa, ga gilashin..."

"Baba cewa ya yi ta tashi. Bai ce ta zama amarya ba!"

"Na sani. Kawai... in ta tashi shikenan, Auta. Aiki ya ƙare. Ni kuma ban shirya ba. Ina son ki, wallahi ina son ki, amma aure..." Ya kasa ƙarasawa. Kuma ko a lokacin, ko a wannan lokacin da zuciyarta ke tsagewa, ta ga idonsa ya zame ya koma kan motar, kunnensa na bin ƙarar injin.

Baba ma ya gani. Ya yi gyaran murya.

"Yaro, ni ba na cin gumin mutum. Ka yi aiki, na yaba. Ga mota ta tashi, ga Auta a tsaye. In aure kake so, alkawari na nan, sai dai motar ta ci gaba da zama a garejina, ba mai ƙara taɓa ta. In kuma motar kake so, ɗauki, halak malak, har takardunta. Amma ka fita daga gidan nan kenan."

"Baba!" Auta ta zube a gabansa. "Don girman Allah kada ka yi min haka. Ni ba kaya ba ce da za a ɗora a sikeli!"

"Ke dai yi shiru ki ga nauyinki."

Ta juya ga Dogo. Idanunta ne suka yi roƙon. Da ya buɗe baki nan take ya ce ita, da ta yafe masa waya, da ƙarya, da dariyar maƙwabta, duka. Ta san za ta yafe, kuma sanin hakan ya ƙara mata jin kunyar kanta.

Dogo ya kau da kai. Ya shafa gefen motar da tafin hannu.

"Baba... da gaske har takardun?"

Wani sauti ya fita daga bakin Auta, ba kuka ba, ba dariya ba.

"Suna cikin aljihun gaba," in ji Baba. "Auta, tashi ki wangale masa ƙofa."

Ta tashi. Ita kanta ba ta san me ya ɗaga ta ba. Ta tura ƙofar ƙarfen da yatsun nan da har yanzu ba su gama warkewa ba. Dogo ya jefa jakarsa a baya, ya ɗora babur ɗinsa, ya hau ya zauna a kan rigar kujerar da ta ɗinka. Motar ta wuce ta gabanta a hankali, koriya shar, kyakkyawa, bai yarda sun haɗa ido ba.

A bakin titi ya taka birki.

Ta ga gilashi na sauka, ta ga ya leƙo da kai. Ba ta san lokacin da ta ruga ba, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a baya.

"Na'am? Na'am, Dogo?"

Ya sosa ƙeya. "Auta, don Allah... na manta babbar sifanata a kan benci."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya ta koma garejin, ta ɗauko sifanar, ta kawo ta miƙa masa ta taga.

"Na gode," ya ce. Ya ja mota.

Da ta dawo, Baba na nan zaune, ya zuba wa wurin da motar take ido. Ba abin da ya rage sai tabon baƙin mai a siminti. Shi ma idonsa ya kaɗa ya yi ja, domin abin da ya rage masa na Umma ne ya bayar. Amma Auta ba ta ji tausayinsa ba ko ƙanƙani, kuma ba ta jin za ta ƙara ji.

"Yanzu hankalinka ya kwanta, Baba?"

"Ya kwanta," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Ja ƙofar ki sa sakata. Lokacin maganina ya yi."