Ranar da Aka Kai Gus Kallon Ƙwallo

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, gidan Vernon Halvorsen ya ɗauki ƙamshin gasasshen nama da dankali. Matarsa Loretta tana ta kai da komo tsakanin kicin da tebur. Surukarsu Nadine tana yanka wa 'yarta Opal nama ƙanana-ƙanana. Shi kuwa baƙon da ta zo da shi, Emmett, ya ɗora ƙaramin ɗanta, Gus, a cinya yana hura masa abinci.

Tun da Emmett ya shigo, ko ci kanka Vernon bai ce masa ba.

Nadine matar ɗansu ce tilo, Wade, wanda a zamaninsa ya buga wa jami'ar Alder ƙwallo, irin wadda ake sa hular kwano a rungumi ƙwallon a ruga da ita. Wade ya rasu a hatsarin mota wata shekara da ƙanƙara ta rufe hanya, lokacin Gus yana ciki. Nadine ba ta da uwa, ubanta kuma ya yi nisa. Loretta ce ta riƙe mata hannu a ɗakin haihuwa, Vernon ne ya hau ya gyara mata rufi da ya fara yoyo. Shi ya sa Mama da Baba take kiransu, kuma har cikin ranta take nufi.

Sai ga Emmett, malamin kiɗa a firamaren garin, mutum mai sanyin hali da yawan dariya. Aibinsa ɗaya a idon mutanen Alder: a jami'ar tsallaken kogi ya yi karatu, abokan hamayyarsu tun kaka da kakanni.

Gus ya haɗiye lomarsa, ya ɗaga kai ya dubi Emmett. "Baba, ƙara."

Vernon ya ajiye cokali. "Me yaron nan ya ce?"

"Vern," Loretta ta faɗa a hankali.

"Ba ke na tambaya ba."

Emmett ya ce, "Mista Halvorsen, kwanan nan duk namijin da ya gani Baba ne. Jiya mai kawo wasiƙu ma ya samu sarautar."

"Har da karen maƙwabta," in ji Opal.

Loretta ta ƙunshe dariya, amma fuskar tsohon ba ta motsa ba.

"Yaron nan yana da uba," ya ce. "Yana kwance a bayan cocin da muka fito yanzu. Yau an ce Baba, gobe a canza musu suna, jibi a kwashe su a tsallaka kogi, mu riƙa ganinsu a katin Kirsimeti."

"Baba, ba wanda ya ce—"

"Nadine, bari in gama. Asabar ce babban wasa, mu da 'yan tsallaken kogi. A kafaɗata Wade ya fara shiga filin nan yana ɗan shekara biyu, jikana ma a kafaɗata zai shiga. Rana ce ta 'yan gida. Ba na son baƙo."

Ya miƙe ya fita wajen shanunsa, ya bar abincin.

A mota yara suka yi barci, Nadine ta fashe da kukan da take ta dannewa. Emmett ya gangara gefen titi ya tsaya, ya jira sai da ta lafa.

"Ba zan iya ba, Emmett," ta ce tana juya zoben da ya ba ta, wanda har yanzu ba ta yarda ta sa a gaban surukanta ba. "In bai yarda ba, ba zan iya ba. Mutanen nan sun riƙe ni lokacin da ba ni da kowa. Da wane ido zan dube su?"

"To sai mu jira."

"Har yaushe?"

"Har Gus ya fara aske gemu, in ta kama." Ya share mata hawaye da babban yatsa. "Ba ni yake ƙi ba, Nadine. Ya rasa ɗa, yanzu gani yake za a sake karɓe masa shi. Asabar ku tafi abinku, ni na saurara a rediyo."

Wannan magana ta fi yi mata ciwo fiye da in faɗa ya yi. Domin ta san duk wanda ya shirya Gus don wannan rana, Emmett ne. Tun farkon kaka yake ɗibar su zuwa ƙananan wasannin jami'ar, ƙwallon raga ta 'yan mata, ƙwallon kwando, inda jama'a ba su da yawa, don yaran su saba da hayaniya. Ba su taɓa ganin ƙarshen wasa ko ɗaya ba. Da Gus ya fara murza ido Emmett zai naɗe bargo. In ta ce, "Haba, saura kaɗan fa," sai ya ce, "Su muka kawo kallo, ba mu ba."

Ranar Alhamis Loretta ta bugo waya.

"Ki zo da shi."

"Mama, Baba ya ce—"

"Na ji abin da ya ce, ai ina wurin. Tikitocin a jakata suke, ba a aljihunsa ba. Shekara arba'in ina sauraron mutumin nan, na san lokacin da yake magana da lokacin da ciwo yake magana. Amma don Allah ya sa kore, kada ya zo mana da launin garinsu."

Asabar garin Alder kaf ya koma kore. Filin ajiye motoci ya cika tun da hantsi, kowa ya buɗe bayan motarsa yana gasa nama, hayaƙi na tashi cikin sanyi. Emmett ya iso da hula kore, jaka a baya kamar mai hijira: famfas, bargo, yankakkiyar tuffa, kayan canji, da abin toshe kunne na yara.

Wani tsohon abokin Vernon ya leƙo daga bayan murhun gashinsa. "Vern, ɗan leƙen asiri ka kawo mana? A caje jakar nan."

"Ba ni na kawo shi ba," Vernon ya amsa a taƙaice.

Ya ga Emmett yana sa wa Gus abin toshe kunnen, sai ya zo ya cire, ya miƙa masa kayansa. "Wade bai taɓa sa wannan tarkacen ba. Ɗan Halvorsen ba ya tsoron ihu." Ya ɗaga yaron ya aza a kafaɗa.

Nadine ta buɗe baki, Emmett ya girgiza mata kai. Ya mayar da abin cikin aljihu, ya kama hannun Opal, suka bi bayan tsohon.

Da farko komai ya tafi daidai. Gus bai ko kalli 'yan wasa ba, masu ganguna da ƙaho ne suka tafi da hankalinsa, yana ta buga wa kakansa kai kamar kalangu. Opal tana ta jero tambayoyi: me ya sa suke danne juna, me ya sa uwarsu ba ta hana su, wancan mai shigar dabba yana da gida? Emmett yana amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ta banɗaki, ya dawo, ta ce ta sake ji, ya sake kai ta. Da koko ya zube mata a wando, kafin Nadine ta laluba ya fito da wani. Nadine ta lura Loretta tana kallonsa ta wutsiyar ido, ta lura kuma Vernon yana ƙoƙarin kada ya kalla.

Wasa ya zo ƙarshe-ƙarshe, maki kusan kunnen doki. Sai wani yaron Alder ya kuɓuce ya ruga har ƙarshen fili. Jama'a suka miƙe gaba ɗaya, benaye suka girgiza, aka harba igwar da ake harbawa duk lokacin da aka ci.

Gus ya sandare. Sannan ya tsala wata ƙara da Nadine ba ta taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Ya toshe kunnuwa da hannayensa. Vernon ya sauke shi yana jijjigawa. "Ya isa, namijin duniya, ya isa, mu ne muka ci." Yaron sai banƙarewa yake yana miƙa hannu wajen Emmett.

Emmett bai kai hannu ba. Ya matso ya ce, "Mista Halvorsen, ka ba ni shi?"

Tsohon ya cije leɓe, ya miƙa masa. Emmett ya cusa yaron cikin rigar sanyinsa ya gangara matakala, a daidai lokacin da ƙwallo ta koma hannun 'yan jami'arsu ta tsallaken kogi, filin ya yi tsit ana jiran abin da zai faru. Ko waiwaye bai yi ba.

Vernon ya zauna, ya kasa zama. "Ina ya kai min jika?"

"Na san inda suke," in ji Opal. "Wajen Baba."

Nadine ta juyo da sauri. "Wane Baba, Opal?"

"Babanmu mana. Zo ki gani."

Ta ja hannun uwarta, Vernon ya biyo su yana ɗingisa gwiwa. Nadine sai addu'a take kada a yi abin kunya a bainar jama'a. Suka sauka ƙasan benaye, suka shiga doguwar barandar da ta haɗa filin da zauren ƙananan wasanni. Babu kowa, kowa yana sama. Bangon cike yake da hotunan tsofaffin 'yan wasa a cikin gilashi. Nadine ta daɗe tana kauce wa barandar nan.

Can tsakiya Emmett yake tsaye, ya ba su baya. Gus ya daina kuka, sai ajiyar zuciya, ya manna tafinsa a jikin gilashin hoton Wade.

"Wane ne wannan?" Emmett yake tambayarsa.

"Baba."

"Yawwa. Ka ga kunnuwansa? Irin naka sak, ba a bar maka komai ba. Ni kuma wane ne?"

"Emmi."

"Yawwa, ni Emmi ne. Igwar nan da ta firgita ka, ka san me take cewa? Cewa take an ci. Babanka ya sa ta yi ƙara ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Kakanka ne ya koya masa jifa, a bayan rumbun masara."

"Ba a bayan rumbu ba ne."

Emmett ya juyo a firgice. Vernon na tsaye, hularsa a hannu, hawaye na bin kumatunsa ba ya ko sharewa.

"A ƙofar gida ne," tsohon ya ce. "Ya fasa wa Loretta taga har biyu." Ya matso ya dubi hoton, ya daɗe yana dubawa. "Kuma igwar nan, shi ma ya yi kuka ranar farko. Har fitsari ya sakar min a wuya."

Opal ta ƙyalƙyale da dariya. A sama filin ya ɗauki wata irin ƙara, babu wanda ya ɗaga kai a cikinsu.

"Tun yaushe kake kawo su nan?" Vernon ya tambaya.

"Tun wasan farko. Duk lokacin da na ce za mu zaga mu miƙe ƙafa." Emmett ya dubi Nadine. "Ki yi haƙuri, na ga ba kya son biyowa ta nan, shi ya sa ban faɗa miki ba."

"Me ya sa?" in ji tsohon. "Kai me za ka samu?"

"Ni ban san Wade ba, Mista Halvorsen. Ɗan abin da Nadine ta faɗa min nake juya musu, ga shi har na fara kuskure. Sauran labarin yana wurinka. Ko da ina son raba su da kai, ina zan samo musu shi?"

Nadine ta rufe baki da hannu. Ta san tana son mutumin nan, amma sai yanzu ta san girman abin da ta kusa saki. Ta ciro zoben daga aljihu ta sa a yatsa, a gaban surukinta. Vernon ya ga zoben, ya ga fuskarta, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Sai ga Loretta tafe tana haki, jakunkuna a kafaɗu biyu, bargo na jan ƙasa.

"Sannunku. Kun watse kun bar tsohuwa da kaya. To albishirinku, sun cinye mu a daƙiƙar ƙarshe."

Vernon ya juya ya nuna Emmett da yatsa. "Kada ka kuskura ka yi murmushi."

"Ban yi ba, ranka ya daɗe."

"Ina ganin haƙoranka." Ya ja hanci, ya mayar da hularsa. "Gobe bayan coci ka zo da wuri. Akwai majigin wasannin Wade a ɗakin ƙasa, tun da ya tafi ban iya kunnawa ba. Ba na son in kalla ni kaɗai."

Da bazara ta shigo aka ɗaura auren a ƙaramin cocin Alder. Vernon ne ya riƙo hannun Nadine ya taka da ita har gaban fasto, kuma da aka tambayi wanda ya ba da ita, muryarsa ce ta fi ta kowa ƙarfi.

Da Emmett ya yi zuciya ranar da aka kira shi baƙo, ko da Nadine ta yi gaggawar zaɓen gefe ɗaya, da yaran nan sun rasa ko kaka ko mai riƙonsu. Haƙuri ne ya bar musu duka biyun. Wanda ya shiga gida ya tarar da fitila tana ci, ba sai ya kashe ta ba kafin ya kunna tasa. Ɗakin ne zai ƙara haske.